Littafin da Na Tafi Biko da Shi

Ko a mafarki ban taɓa zaton za a wayi gari a ce Inna ta yi yaji ba. Mace da jikokinta mata sun fara tsayawa zance a ƙofar gida, ta ƙulle 'yan zannuwanta a ɗankwali, ta ce za ta Farin Dutse gaida ƙaninta, wato Kawu. Aka yi kwana da kwanaki shiru. Da ƙanena ya buga waya can, sai aka ce ta ce a gaya wa mutanen Birnin Kudu kada su jira ta.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi, Baba na shirin tafiya aikin Hajji. Ƙannena maza da ke harkar mota a Kano ne suka biya masa kujera. An ba maniyyata jaka, an yi musu allura, kiran jirgi kawai ake jira. Baba kuwa ya tsufa, gwiwoyinsa sun gaji, kuma ko ba a faɗa ba kowa ya san tafiya irin wannan ana zuwa a dawo, ana zuwa a zauna can. Tsoron da ya hana ni sukuni ke nan, kada su rabu a haka, ita tana fushi shi yana kan hanya.

Shi dai ya yi abin da ake yi. Ya bi gari gida gida yana neman yafiya. Ya je wurin maƙwabcinsa na gona a Unguwar Ya, wanda suka daɗe suna jayayya kan iyaka. Ya je wurin mahaucin da ya taɓa zagi a kasuwa. Ya hau babur har Dingaya wurin wani ɗan'uwansa da suka yi shekaru ba sa ga maciji. Mu ma 'ya'yansa ya tara mu ya ce mu yafe masa, muka yi ta sharɓar kuka. Mutane suna ta yabonsa, ana cewa wannan tafiya ta yi kyau tun daga gida. Ana cikin haka matar gidan ta kama hanya, kuma babu wanda ya san dalili. In an tambayi Baba sai ya ce, "Wallahi ko kallon banza ban yi mata ba."

Masu zuwa sallama suka fara tambaya, "Ina uwargidan?" Mu ce ta je ganin gida. Su ce, "Yanzu? Alhaji na shirin tashi?" Mu sunkuyar da kai. Wallahi na gwammace a mare ni da a yi mini wannan tambayar.

Ƙannena suka ce ni ce babba, ni zan je in dawo da ita. Na ce ku ji min yara da rainin hankali! Ni 'yar fari ce. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta haɗa ido da ni, tun ina ƙarama a ɗakin kakata na tashi. In tana son in miƙo mata ludayi, sai ta ce wa bango, "A ce wa waccan ta miƙo ludayi." Yanzu da girmana, da aurena da 'ya'yana, ba mu taɓa zama mun yi hira ta minti biyar ba. Ni ce zan je in zauna gabanta in yi mata wa'azin zaman aure? Amma duk dattawan da za a iya turawa biko sun riga mu gidan gaskiya, sai ni ɗin.

A nan ne dabara ta faɗo mini, irin dabarar da mutum yake yi wa kansa kirari a kanta.

Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kudu. Teburina yana jikin na wata malama Kirista, 'yar kudancin Bauchi, wadda Hausarta ta fi ta wasu 'yan garinmu daɗi. Ita ta kawo wani ɗan littafin labari na Hausa da ta saya a shagon littattafan cocinsu, mai shuɗin bango da hoton gicciye a kusurwa. Labarin wani tela ne da ya sayar da keken ɗinkin matarsa, ya gudu kudu ya bar ta da yara, ya yi shekaru ko saƙo babu. Da ciwo ya ci ƙarfinsa ya dawo. Tana ganinsa a ƙofa, kafin ya buɗe baki, ta ce ta yafe masa, ta karɓi jakarsa, ta ɗora masa ruwan wanka.

Littafin nan ya zaga ɗakin malamai har bangonsa ya yi laushi. Malamar lissafi ta ce wannan matar ba a haife ta ba tukuna, in ma an haife ta, to a kai ta asibiti. Malamin Larabci ya karanta a ɓoye cikin aljihun tebur, ya ce shi bai ga aibu ba, haƙuri ai na kowa ne, har ya ba da shawarar a riƙa sa wa kowace amarya kwafi ɗaya a cikin lefe. Mata suka yi masa caa, sai da ya fita ba shiri. Mai littafin ta ce a zumuntar matan cocinsu ma saura kaɗan a bai wa hammata iska a kansa. Da na tambaye ta nata ra'ayin, sai ta ce, "Ni ban ce matar ta yi daidai ba. Amma uwata haka ta yi wa babanmu, kuma duk gidan ta fi kowa barci mai daɗi."

Ni kuwa na yi kuka a shafin ƙarshe, na kuma fi kowa ɗaga murya wajen kare matar. Da ma ni in aka fara musu ba a raba ni da shi. Saboda haka da maganar Inna ta taso, na ce to, ga magani a hannu. Ba sai na ce mata komai ba. Zan karanta wa matan gidan labari kamar hira, ita kuma tana gefe tana ji, littafi ya faɗi abin da bakina ba zai iya ba. Na ari littafin, ban gaya wa mai shi dalili ba, don ina zan iya. Na naɗe bangon da takardar tsohuwar kalanda saboda gicciyen, na tura shi ƙasan jaka.

Na shiga motar Gwaram, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. An yi ruwan farko, ƙasa ta yi sanyi, kowa na gyaran iri. Na tarar da matan gidan Kawu a inuwar darbejiya sun baje tabarmi suna ɓarar gyaɗar shuka. Inna na can ƙarshen tabarma. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa ƙwaryar da ke gabanta.

Matar Kawu mace ce mai barkwanci, bakinta ba ya ajiye magana. Tana ganina ta ce, "A'a, malamar makaranta! Biko aka zo ko yawon shan iska?" Matan suka kwashe da dariya. Na ji kamar in nutse. Na ce hutu na samu, na kuma zo musu da labari mai daɗi. Bayan azahar na ɗebi gyaɗa a cinya don kada a ce na zo zaman banza, na buɗe littafi.

Tun a mota na yanke shawarar gyara shi. Duk inda aka rubuta coci in ce masallaci, fasto in ce liman, sunayen mutanen kuma na sauya musu da irin namu. Da farko abin ya tafi sumul. Mata suka yi tsit, sai ƙarar ɓawon gyaɗa. Da telan ya sayar da keken, wata ta ce, "Allah ya isa!" Da yaran suka kwana da yunwa, amaryar ɗan Kawu ta share hawaye da gefen mayafi. Daɗi ya ɗebe ni, baki ya riga hankali, na karanta cewa ranar Lahadi matar ta tafi masallaci, ta shiga sahun mawaƙa, aka buga ganga ta rera har ta manta da damuwarta.

Matar Kawu ta ajiye gyaɗar hannunta. "Tsaya, tsaya. Wane masallaci ne wannan? A wane gari yake, in je in ga limamin da ake yi wa kiɗa?"

Na fara kame-kame. Ta miƙo hannu ta fizge littafin, ta zare kalandar, ga gicciye ɓaro-ɓaro. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki, wata na cewa ashe malamar makaranta ma tana satar amsa. Sai na ji muryar Inna, ba ta ɗago kai ba.

"A ce wa mai karatu ta karanta yadda aka rubuta. Mu ma mun san Kirista. Wata ce ta karɓi haihuwar autana a asibiti, hannunta kuwa da albarka."

Na karɓi littafina na ci gaba, coci a cocinsa, fasto a fastonsa. Muryata dai ba ta koma daidai ba. Na kai inda mutumin ya dawo a rame, matar ta tare shi da yafiya tun daga ƙofa, ta yi jinyarsa ya warke, suka tafi coci tare ana ta murna. Na rufe littafi, na saci kallon Inna. Ɓara take yi kamar ba a yi komai ba.

Nan fa sharhi ya ɓarke. Amaryar ɗan Kawu ta ce ita labarin ya shige ta, Allah ya ba mu zuciya irin ta matar nan. Wata maƙwabciya ta ce ina ruwanta da zuciya, ita keken take tambaya, an dawo da shi ko ba a dawo da shi ba? Na ce littafin bai faɗa ba. Ta ce to marubuciyar ba ta taɓa mallakar keke ba. Matar Kawu ta ce ita da za ta yafe, amma sai ya kwana biyu a zaure sauro ya gana da shi tukuna. Ni ma na sa baki, yadda na saba a ɗakin malamai. Na ce ai darasin a fili yake, mai yafewa ita ce da riba, rai ba a bakin komai yake ba, mutum bai san wanda zai riga wani ba. Ina faɗa ina ɗaga murya don ta kai ƙarshen tabarma.

Inna ta kaɗe zaninta. Ta dubi matar Kawu ta ce, "Tambayar min ita. Mutumin ya roƙa?"

Matar Kawu ta juyo. "An ce ya roƙa?"

Na ce, "Bai samu dama ba, ta riga shi."

Inna ta sake ce wa matar Kawu, "Har littafin ya ƙare bai roƙa ba?"

Na buɗe shafukan ƙarshe na duba, ko da yake na san amsar. Na ce bai roƙa ba.

Inna ta ce, "To matar nan ta kyauta wa kanta, shi kuwa ta cuce shi. Ta bar shi yana yawo a duniya bai san abin da ya yi ba. Ruwa ma sai an miƙo ƙoƙo ake zubawa." Har yanzu matar Kawu take kallo. "Ni wa ya ce ban yafe ba? Da ban iya yafiya ba, da ban kai yau a ɗakin nan ba. Amma mutum ya je wurin mahauci. Ya hau babur da ciwon ƙafarsa har Dingaya. Yaran da na haifa ya tara su ya roƙe su. Ina zaune ina jira, na ce mai yiwuwa ya bar ni ƙarshe ne. Ran nan ya kira ni, gabana ya faɗi, na gyara lulluɓi na je. Sai ya ce in kula da irin gero kada ɓera ya shiga. Shi a ganinsa ni ba a yi mini laifi. Turmi ma in ya tsage a hannunka kakan ce wayyo."

Ba wanda ya ƙara taɓa gyaɗa. Ni da na zo da littafi in koya wa uwata yafiya, ban san inda zan sa fuskata ba. Kuma a gaban surukai da maƙwabta ta faɗa, matar da ban taɓa jin ta kai ƙarar mijinta ko wurin uwarta ba. Na tura littafin ƙarƙashin cinyata kamar kayan sata.

Washegari na koma Birnin Kudu. Na jira masu sallama suka ragu, na sami Baba a ɗakinsa yana gwada takalmin da aka sayo masa na tafiya. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Na gaishe shi.

Ya ce, "Ta taho?"

Na ce, "Baba, an ce cikin gidajen da aka bi neman yafiya akwai sauran ɗaya."

"Gidan wa?"

"Nan gidan."

Ya daɗe yana kallon takalmin. Sannan ya ce, "Yo tsakanin miji da mata har akwai wannan?" Ya ce, "Ita ta faɗa?" Na gyaɗa kai. Ya ce in tashi in je, na tashi na fita. Ban taɓa gaya wa mahaifina ya yi kuskure ba sai ranar, kuma ba na fatan in sake.

Da safe ya aiko a kira ni. Na same shi cikin babbar riga, ƙanena ya kawo mota. Ya ce, "Shiga mu je." Na ce Baba da dai an tafi da wani. Ya ce, "Wa? Masu raka ni duk suna ƙasa."

A Farin Dutse ya cire takalmi tun daga wajen zaure, kamar sabon suruki. Kawu, wanda Baba ya girme shi nesa ba kusa ba, ya rasa yadda zai yi, sai cewa yake, "Haba Alhaji, haba Alhaji, shigo mana." Ya kore matan gidan zuwa maƙwabta, shi ma ya fice. Inna na cikin ɗaki, asabari a sake, ƙafafunta kawai ake gani. Na kai Baba bakin ƙofar, na juya zan bi sahun mutane.

Ya riƙe hannuna. "Tsaya. In na durƙusa ba na iya tashi ni kaɗai."

Haka na tsaya, na tallafe shi ya kai gwiwa ƙasa. Na juyar da fuskata wajen rumbu, amma kunne ba shi da murfi.

Ya yi gyaran murya ya ce, "To, ga shi za mu yi tafiya. Abin da aka yi, a yafe."

Daga bayan asabari Inna ta ce, "Me aka yi?"

Kaza ta zo ta wuce ta gabanmu. Can Baba ya ce akwai tunkiyarta da ya sayar shekarar fari bai shawarce ta ba. Ta ce, "Na ji. Sai me?" Ya ce ranar rasuwar mahaifiyarta, da ya ce a bari a gama yankan dawa kafin ta tafi, har aka yi jana'iza ba ta. Ta ce, "Na ji." Ya ce tsawar da ya yi mata gaban baƙi kan gishiri. Ya ce lokacin da ta yi ciwon ido ya ce raki ne. Ya ce ranar da aka yaye ni ya ɗauke ni ya kai wa mahaifiyarsa, ya ji tana kuka a bayan ɗaki, ya wuce kamar bai ji ba. A nan na cije leɓe don kada sauti ya fita. Ashe duk yana sane. Abubuwan da nake zaton ya manta, ko bai ma lura ba, ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga bakin tsoho, muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Ni kuwa ina tsaye a kansa ina roƙon Allah ya kurmantar da ni na ɗan lokaci.

Da ya ƙare ya ce, "Iyakar abin da na tuna ke nan."

Inna ta ce, "Na yafe, duniya da lahira. Ni ma a yafe mini, na sa an durƙusa gaban yarinya."

Ya ce, "Ba komai, na yafe."

Na sauke numfashi, na sunkuya zan ɗaga shi. Sai ta ƙara magana.

"Saura ɗaya ba a faɗa ba. Shi ma na yafe, a tafi da sauƙi."

Baba ya ce, "Wanne?"

Ta ce, "An sani. Ba na gaban yarinya ba ne."

Bai sake tambaya ba. Na ɗaga shi, ya yi nauyi fiye da lokacin da na durƙusar da shi. Inna ta ɗage asabari ta fito da ƙullinta a ɗaure, ta wuce mu ta je ta shiga mota.

Muka koma Birnin Kudu. Ta shirya masa jaka da hannunta, ta soya masa dambun nama, ta raka shi har zaure ranar da aka kira jirginsu. Ni na bi su zuwa inda motocin maniyyata ke tashi. Ya sa wa ƙannena albarka yana dubansu ɗaya ɗaya. Da ya zo kaina ya ɗora hannu a kaina ya yi addu'a mai tsawo, idonsa a ƙasa. Tun daga bakin asabarin nan bai ƙara kallon idona ba, ni ma ban nemi ya kalla ba.